Bindiga A Ƙarƙashin Gado, Yara A Tsakar Gida



Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ji haushina, to amma gara a ji haushin da a taru zaman makoki. Kwanakin baya a layinmu, nan Sabo ta Ibadan, wani yaro ɗan shekara 7 ya shiga ɗakin kawunsa mai aikin gadi, ya jawo bindigar toka daga ƙarƙashin gado, ya auna ƙanwarsa da ita yana dariya, wai wasan fim suke yi. Allah Ya sa uwarsu ta shigo ta fizge. Bindigar nan kuwa a ɗure take.

Me aka yi? Aka zane yaro da bulala, aka ce a rufe maganar kada 'yan sanda su ji, aka mayar da bindiga inda take. Da na ce a zaunar da yaran gidan a yi musu bayani, sai wani dattijo ya ce mini, "Malam, so kake ka buɗe musu ido?" Haba jama'a! Idon da ya riga ya gano inda ake ɓoye ta, wane buɗewa ya rage?

Na san abin da ya kawo bindigogin nan gidajenmu. Wanda ya ga rikicin Shagamu a 1999, ko na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, ba sai an gaya masa menene tsoro ba. Ga masu gadi, ga 'yan banga, ga mafarauta. Amma tsoron na waje bai kamata ya sa mu manta da haɗarin da ke cikin ɗaki ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga. Hukuma ta ga bai dace saurayi ɗan 16 ya riƙe ta ba, mu kuma mun bar ta inda mai rarrafe zai kai hannu.

Ita bindigar toka ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, saboda haka ba a gane akwai ko babu da kallon ido. Tana iya yin watanni a ɗure, mai ita ma ya manta.

Abin da nake kira a koya wa yaro ba harbi ba ne. Abu uku ne kawai: in ka ga bindiga kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. A ƙara masa da cewa duk bindiga a ɗure take, ko wa ya ce babu komai a ciki. Ya tabbata a hadisi Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Me zai hana malaman Islamiyya su sa wannan a darasi? Su ma bindigogin roba masu 'ya'ya da muke saya musu da Sallah, suna auna juna a ido muna dariya, nan ne sabon ke farawa.

Kai kuma mai bindiga, nauyin a kanka yake. Ka cire abin da ke cikinta, ka kulle ta a akwati, albarushi ya kwana wani wuri daban, makulli yana aljihunka. Kwaɗo bai kai kuɗin likkafani ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai na zaunar da nawa jiya bayan Magariba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.

Wassalam.