Kafin A Rushe Zauren Kakanmu A Zangon Agege

Yau ina so mu tattauna wata magana da ta hana gidanmu barci.

Ni a Mile 2 nake zaune, amma gidan kakanmu yana Zangon Agege. Kwanan baya wani mai gina benaye ya zo wa iyayenmu da tayi: a ba shi gidan ya rushe, ya dora bene mai hawa hudu da shaguna a ƙasa, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ya mayar wa magada. Baffana ya amince nan take. Babana ya ce sai dai bayan ransa. Yanzu gaisuwa ma da ƙyar suke yi.

Gidan ba wani abin kallo ba ne. Zaure ne babba, da ɗakuna a jere, da tsakar gida, da rufin kwano da ya sha tsatsa. Amma a wannan zauren fataken goro suke sauka idan sun zo daga Arewa. Maigida ya ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen ciniki, har a ɗaure huhun goro a kai tasha. Jirgin ƙasa ya bi ta Agege tun 1901, layin kuma ya isa Kano a 1911, shi ya sa Zango ta cika ta batse. Duk wanda ya ce mu baƙin jiya ne a garin nan, irin waɗannan gidajen ne shaidarmu.

Ra'ayina shi ne, ya kamata a yi wa tsohuwar unguwa ƙa'idar gini ta musamman. Amma kafin ku ce na goyi bayan babana ido rufe, ku ji abin da ya faru a cikin tsibirin Legas. Akwai wani gida kusa da Dandalin Tinubu da ake kira Ilojo Bar, ginin salon Burazil na wajen 1855. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Jihar Legas ma ta yi dokar kare wuraren tarihi a 2011. Duk da haka, ranar 11 ga Satumba 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, aka sa katafila aka baje shi. A Kano ma, a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi. To idan gini mai takarda bai tsira ba, ina ga zauren da ba wanda ya taɓa rubuta sunansa?

Darasin da na ɗauka shi ne, doka kaɗai ba ta riƙe bango. Mai gida yana da iyali, rufi yana yoyo, ga mai kuɗi a bakin ƙofa. Idan hukuma ta ce kada ka rushe, ba ta kuma ba ka ko buhun siminti ɗaya ba, ta ɗora maka kaya ne ta tafi abinta. Baffana yana da 'ya'ya tara, ba zan ce ba shi da hujja ba.

Akwai kuma tsoron da kowa ya sani. A Legas idan talaka ya ji an ce tsarin gari, gabansa faɗuwa yake yi, domin ba a manta da Maroko ba, inda aka tashi dubban mutane a 1990. Saboda haka ƙa'idar da nake nufi, wadda mu za mu nema ce da bakinmu, kafin a zo mana da wadda aka rubuta ba da mu ba.

Ga abin da nake gani. Na ɗaya, a zaɓi 'yan layuka kaɗan a tsakiyar Zango, ba unguwar duka ba, a ce ginin da ke fuskantar titi kada ya wuce hawa biyu. Na biyu, wanda zai sabunta gida ya bar zaure a gaba, ya yi ɗakunan hayarsa ta baya. Zaure shi ne wurin ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki da karatun allo. Bene mai shaguna kuwa kan titi yake tura mu. Na uku, wanda ya bi ƙa'idar a rage masa kuɗin ƙasa, a kuma sauƙaƙa masa takardar izinin gyara. Na huɗu, fadar Sarkin Hausawa da limamai da matasa su zaga gida gida, a ɗauki hoto, a rubuta wanda ya gina da garin da ya fito, tun dattawan da suka sani suna raye.

Lokaci ba ya jiranmu. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, jirgin cikin gari ya fara ɗaukar fasinja ta Agege a 2024, fili kuma sai ƙara daraja yake. Tayin da aka kawo gidanmu, gobe naku za a kai wa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai na roƙi Baffa da Baba su zauna da mai ginin, su tambaye shi ko zai yi benensa ta baya ya bar mana zauren. Baffa ya ce zai duba. Ku taya mu da addu'a, Allah ya haɗa kansu, ya jiƙan magabatanmu, amin.

Wassalam, naku ɗan Zango.