Ciwon Dajin Nono: Alhaji, Da Kai Ake Magana

'Yan'uwana 'yan kasuwa na Mbaimboum da Touboro da Madingring, da ku masu shiga motar Garwa duk mako domin saro kaya. Na san da yawanku da kun ga kan wannan rubutu za ku ce ai zancen mata ne, ku juya shafi zuwa farashin masara da canjin naira. Ina roƙonku ku dakata. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to amma a kan wannan cuta ni ban yarda ba, domin a gidajenmu mace ba ta zuwa asibiti sai da izini da kuɗin mota, kuma duka biyun a hannun maigida suke.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rasuwar wata 'yar'uwata a daminar bara, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ta bar 'ya'ya 5 alhali ba ta cika shekara 45 ba. Tana wanka ta ji wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a nononta na hagu, da yake ba ya yi mata zafi sai ta yi shiru. Bayan watanni ya kai girman ƙwan kaza, ta gaya wa yayarta, aka ce ai daji ne, daji kuwa ba ya son allura. Aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wanzami ma ya yi tasa tsagar. Da labari ya kai kunnen mijinta sai ya ce a bari a biya kuɗin auduga, da aka biya kuma ya ce a bari ya dawo daga fatauci. Ranar da aka isa da ita Garwa nonon ya riga ya fashe, likita ya ce cutar ta kai huhu da ƙashin baya. Mutumin nan ya sayar da shanu 2 da babur ɗinsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A wurin zaman makoki na ji wasu na cewa asibiti ne ya ƙarasa ta. Wallahi ba asibiti ba ne, jinkirin fiye da shekara guda ne, kuma dukkanmu da muka sani muka yi shiru muna da kaso a ciki.

Kada wani ya ɗauka ƙaddarar gida ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan cuta a faɗin duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A nan Kamaru, ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ya nuna cewa a 2020 fiye da mata 4,000 suka kamu, fiye da 2,000 suka mutu, kuma shi ne dajin da ya fi kowane yawa a ƙasar. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka gano suna da shi, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Wani ɓangare na wannan bambanci kayan aiki ne da magunguna, amma babban ɓangarensa lokaci ne: su suna zuwa ƙullutun yana ƙarami, mu kuwa akasarin matanmu sai cuta ta kai mataki na 3 ko na 4. Da yawansu kuma ba su kai shekara 50 ba, wato suna tsakiyar renon yara.

Ga yadda abin yake. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin nono suke lalacewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su dunƙule. Muddin suna wuri ɗaya, likita na iya yanke su ya fitar. In aka ƙyale su sai su bi ta kaluluwar hammata da hanyoyin jini su yi sheƙa a huhu ko hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa, daga nan kuma sai dai a rage wa mara lafiya wahala. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun wake ya san wannan lissafi, domin ranar da ka ga ƙwaro ɗaya ranar ake shanyawa, ba a jira sai buhu ya zama gari.

Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwanciyar aure. Ajiye kuɗi a rigar nono, da ake ta yaɗawa a kasuwa, shi ma ba ya kawo shi. Shekaru da gado da ƙiba da shan giya suna ƙara haɗarinsa, shayarwa kuma tana ragewa, amma kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Har maza ma yana kama su, kodayake ba su wuce 1 cikin 100 na masu cutar ba.

Alamomin da za a lura da su ba su da wuyar riƙewa: ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, kai wanda ba ya ciwon ma shi ya fi yaudara, nono ɗaya ya sauya girma ko siffa, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa ya riƙa fita ba a shayarwa, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Mace ta riƙa duba kanta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi wankan al'ada, ta ɗaga hannu ɗaya ta shafa da tafin yatsun ɗayan har cikin hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, misali ranar da aka ga wata. Mai shayarwa da nononta ya kumbura aka ba ta magani, in ƙullutun bai baje ba ta koma. Abin kwantar da hankali shi ne, mafi yawan ƙullutun nono, har kusan 9 cikin 10, ba daji ba ne. Sai dai ba a tantancewa da ido ko da hannun ungozoma, sai an ɗauki hoto, in ta kama a ɗebi ɗan nama a auna.

Na san abin da za a ce mini, domin ina jin sa duk lokacin da muka buɗe layin waya a gidan rediyo. Na farko, wai in an je yanke nono za a yi. Gaskiya ne ana yankewa, amma in an zo da wuri sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa, saboda haka mai tsoron wuƙa ita ya fi kamata ta yi sammako. Kuma ina tambayar maza: tsoron da matar take ji, na wuƙa ne ko na abin da kai za ka yi bayan an yi aikin? Mata da yawa suna ɓoyewa ne don gudun a juya musu baya ko a yi musu kishiya. Kalma ɗaya daga bakinka, cewa kana tare da ita ko da nono ko babu, ta isa ta sa ta fito da abin da take ɓoyewa.

Na biyu, wai likita namiji ba zai ga jikin matata ba. Kunya ado ce, ban musa ba. To ka raka ta da kanka, ka nemi ma'aikaciya mace, ai akwai su a ɗakunan awon ciki. In babu sai namiji, ka tambayi limamin unguwarku hukuncin lalura, za ka ji cewa ceton rai yana gaba, kuma neman magani ba ya warware tawakkali.

Na uku shi ne kuɗi da nisa, kuma a nan ba zan yi muku daɗin baki ba. Daga Rey Bouba zuwa Garwa da damina wahala ce, wasu kuma sai an tura su Yawunde ko Duwala, su kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere, ga kuɗin allurai, ga na masauki. Amma ku 'yan lissafi ne. Awo a asibitin gunduma na Rey Bouba ko Tcholliré ko Touboro bai kai abin da kuke kashewa a shingayen hanya a tafiya ɗaya ba, jinyar wadda cuta ta ci ƙarfinta kuwa tana cinye jari ta kuma tafi da mai jinyar. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Hukuma ma tana da nata alhakin. Duk watan Oktoba ana ɗaura kyalle mai ruwan hoda, a yi maci da jawabai da Faransanci a manyan birane, alhali matar da ke tallar nono a Madingring ba ta ma san ana yi ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni 3: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Ba za a cimma wannan daga ofis ba. Tunda takardar lafiya ta sefa 6,000 tana kawo masu ciki asibiti a jihohin arewa, a horar da masu awon su riƙa duba nono a lokaci guda. A kafa rumfar awo ta mata zalla a ranakun kasuwa. A riƙa aika naman da aka ɗiba zuwa ɗakin bincike maimakon a ɗora wa mara lafiya tafiyar. Kashin farko na shirin lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a 2023 ya sauƙaƙa wankin ƙoda, to a dubi masu ciwon daji su ma, domin wayar da kan da ba magani a bayansa tsoro kawai yake ƙarawa.

Daga ƙarshe ina kira ga fadar Mai Martaba Lamidon Rey Bouba da ta sa baki, domin saƙon da ya bi ta hannun lawanai da jauro-jauro yana isa inda rediyo ba ya kaiwa. Limamai su ware huɗuba guda. Sarakunan kasuwa da shugabannin adashi su buɗe asusun kai mara lafiya Garwa, kamar yadda ake haɗa wa wanda gobara ta ci rumfarsa. Mu ma 'yan rediyo mu riƙa faɗa da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan Mayo-Rey duk shekara, ba sai Oktoba ba.

Kai kuma Alhaji, in ka rufe rumfa yau ka koma gida, ka karanta wa iyalinka alamomin nan, har da mahaifiyarka da 'ya'yanka da suka girma. In wata ta ce tana jin wani abu, kada ka ce sai an biya kuɗin auduga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.