Masu Sakin Wuta a Mambila, Da Ku Nake

Ku da kuke ƙyasta ashana a ciyawar tsaunin Mambila da rani ku juya baya ku tafi, abin da kuke yi ɓarna ce, ko da wane suna kuka kira shi. Kun ce sabon toho kuke nema wa shanu, ko share gona kuke yi. To wa ya tsaya ya ga inda wutar ta kwana? Gangarawa take yi cikin kwari, ta lashi bakin kurmin rafi, bana taki ɗaya, baɗi taki biyu.

A cikin wannan kurmi akwai siyatiya, wadda masana ke kira Cyathea manniana, da sunan Gustav Mann, Bajamushen da ya tattara tsirrai a tsaunin Kamaru wajen 1860. Wanda ya hango ta daga nesa zai ce ƙaramin kwakwan manja ne. Gangar jikinta baƙa ce, siririya, tana iya ninka tsawon mutum sau biyu ko uku, ga ƙaya a gindin ganyenta. Ganyen kuwa a naɗe yake fitowa daga ƙololuwa, ya warware a hankali ya bazu kamar lema. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Wani gari ne mai laushi a bayan ganyen iska ke kwasa, kuma ba ya zama tsiro sai ya faɗa inda akwai inuwa da damshi. Shi ya sa sai a wurare irin Mambila da Obudu da tsaunukan Kamaru ake samunta, inda hazo ke sauka, ruwa bai yanke ba.

Babbar tana iya tsira daga wutar shekara guda. 'Yan ƙananan da ke ƙasa fa? Wuta ta cinye inuwarsu, kofaton shanu ya tattake saura a hanyar mashaya. Tsiro ne mai jinkirin girma, abin da kuka ƙone da yammaci ɗaya jikokinku ma ba lalle su ga madadinsa ba.

Kada wani ya ce mini ai ciyawa ce, ba a ci, ba a sayarwa. Kurmin da take ciki shi ke riƙe da idon ruwa. Daga wannan tsauni kogin Donga ya taso ya gangara Binuwai. Rafin da ya ƙafe a watan Fabrairu, shanunku ne farkon masu kuka, sannan matan da ke ƙara tafiya da tulu.

Masu dasa itacen turare har bakin idon ruwa, ku ma ba ku fita ba. Kun san yadda yake zuƙe ƙasa, kuka dasa don kuɗin katako.

Abin takaicin ma, ba doka aka rasa ba. An keɓe dajin Ngel Nyaki da ke kusa da Yelwa a tsaunin Mambila tun 1969, dangin siyatiya kuma suna cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Amma takarda ba ta kashe gobara. Masu unguwa da ardo-ardo sun san wanda ya sa wuta bara, sun kuma san wanda zai sa bana. Su kira shi gaban jama'a. A share iyakar wuta kewaye da kowane kurmin rafi kafin ciyawa ta bushe, a ware wa shanu mashaya guda, wanda ya kunna kuma ya tsaya a kanta har ta mutu.