Daga Kakuri Zuwa Abu Dabi: Ina Littafin Zane na Hausa?

A ƙaddara wani magidanci ne mazaunin Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, wanda Allah ya hore wa abin hannu. Ya ɗebi maiɗakinsa da 'ya'yansa uku suka nufi Abu Dabi domin halartar Middle East Film and Comic Con, wato bikin masoya littattafan zane da finafinan katun, wanda aka fara a Dubai a 2012 aka kuma mayar da shi Abu Dabi a 2022. Tun a masauki babban yaron ya ɗaura ƙyallen goshi irin na Naruto, mai bi masa ta saka rigar Spider-Man, autan kuwa ya saɓa takobin kwali. A zauren bikin suka bi layin teburan masu zane, inda kowane mai fasaha ke zaune da littattafansa yana sa hannu ga wanda ya saya. Ga na Ingilishi, ga na Larabci, ga waɗanda aka fassaro daga Japananci. Da suka kai ƙarshen layin sai autan ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ina namu?"

Idan irin wannan iyali suka dawo gida, sanannen abu ne abin da za a faɗa a unguwa. Wasu za su ce almubazzaranci ne a kashe kuɗin jirgi da na biza domin kallon 'yar tsana, musamman tun da darajar Naira ta faɗi warwas daga tsakiyar 2023. Wasu kuma za su ce an kai yara an shayar da su baƙuwar al'ada. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai sun bar jaki suna dukan taiki. Naruto ya riga iyalin zuwa Kakuri. Yana cikin wayar kowane yaro da ke iya sayen data ta ɗari biyu. Tafiyar ba ta ƙara wa yaran komai ba face ta nuna masu cewa wasu al'ummomi suna zana labaransu da harsunansu, suna kuma cin abinci da sana'ar. Tambayar autan ita ce abin dubawa, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna cikin waɗanda ya kamata su amsa ta.

Littafin zane labari ne da ake bayarwa ta jerin hotunan hannu a cikin akwatuna, maganar taurari tana cikin da'ira a saman kawunansu. Yana da jigo, yana da zubi da tsari, yana da salo da taurari, wato duk ma'aunan da ake ɗora ƙagaggen labari a kansu. Amma a manhajar da aka saba, adabin Hausa ya kasu zuwa na baka da rubutacce, kowanne kuma ya rabu zuwa zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Labarin da rabinsa zane ne ba shi da gurbi a wannan rabo. Ɗalibin da ya zo da shawarar yin kundi a kansa zai iya jin an ce ya tafi sashen zane-zane, can kuma a ce masa ai wannan aikin 'yan harshe ne.

An taɓa yin irin wannan jinkiri. Lokacin da matasan Kano suka fara buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, kasuwa ta karɓe su tun kafin jami'a ta waiwaye su. Sai a shekarun 1990 muhawara ta yi zafi a shafukan jaridu, musamman New Nigerian ta Kaduna, tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Yau kundaye a kan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su ƙirguwa. Abin da har yanzu bai samu kulawar da ta dace ba shi ne bangon waɗancan littattafai na farko, waɗanda da hannu aka zana su kafin hotunan 'yan fim su maye gurbinsu. Su wane ne suka yi zanen, a ina suka koya, nawa ake biyan su? Nan ne ya kamata tarihin zanen labari na Hausa ya fara tono, tare da hotunan da ke cikin Magana Jari Ce da sauran littattafan da aka buga a Zariya, da kuma zanen barkwanci na jaridu irin wanda Mustapha Bulama ya yi suna da shi a Daily Trust.

Manyan bukukuwan da ake tafiya gani a ƙasashen waje ma daga irin wannan ƙasƙantaccen tushe suka taso. Bikin San Diego na Amurka ya fara a 1970 da mutum kusan 300 a ɗakin ƙasa na wani otal. Comiket na Tokyo ya fara a 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da baƙi kusan 700. Kafin annobar korona yana tara mutum fiye da rabin miliyan a zama ɗaya, kuma har yau mafi yawan abin da ake sayarwa a cikinsa littattafai ne da masu sha'awa suka zana suka buga da kansu. Wanda ya san yadda marubutan Kano suka riƙa kai littattafansu kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Nijeriya ma Ayodele Elegba ya fara Lagos Comic Con a 2012, shekara guda bayan haka Jide Martin ya kafa Comic Republic. A duk waɗannan wurare littafi da mai karanta shi ne suka riga biki zuwa. Saboda haka kiran da akan yi wa gwamnati ta shirya gagarumin taro a Kaduna ko Kano gini ne a kan iska, domin teburan za su cika da kayan wasu.

Kayan wasu kuwa sun fara haɗawa da tarihin ƙasar Hausa. Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika: Warrior Queen a 2017, labarin wata sarauniya mayaƙiya a daular da ya kira Azzaz, kuma bai ɓoye cewa Sarauniya Amina ta Zazzau ce madubinsa ba. Aikin yana da kyau, babu kuma wanda ke da ikon hana shi. Tarihi ba gonar gado ba ce da za a yi mata shinge. Amma da Ingilishi aka yi shi, domin masu karatun Ingilishi. Yarinyar Kakuri da za ta fara ganin surar Amina a can za ta gan ta, da suturar da wani ya zaɓa mata, tana magana da harshen da Amina ba ta taɓa ji ba. Abin da ake samu da Hausa a fagen katun yawancinsa fassara ce, kamar shirye-shiryen yara na Akili and Me da Sesame Square da aka juya zuwa Hausa. Fassara tana da amfaninta, sai dai bakin da aka zana domin furta kalmar Ingilishi ba ya dacewa da tsawon jimlar Hausa, kuma raha da karin magana su ne farkon abin da ke zubewa a hanya.

Akwai abin da manazarcin harshe zai fi kowa gani a wannan fage. Mai zanen Ingilishi yakan ƙirƙiri kalmomin ƙara domin ya cike shafinsa, na Japananci kuma yana da tarin kalmomin kwaikwayon sauti da yanayi da manga ke tinƙaho da su. Hausa tana da amsa-kama birjik: tim, fau, wuf, kwatsam, tsit, ragwajab, tinjim. Kalma guda irin wannan, idan aka rubuta ta da manyan haruffa a gefen zane, ta wadatar da abin da zube zai kashe sakin layi yana bayyanawa. An yi nazarin amsa-kama ta fuskar tsarin sauti da ginin jimla, amma yadda za ta zauna a shafi tana aikin hoto fili ne da ke jiran manazarci. Haka nan matsalar haruffa masu lanƙwasa. Da yawa daga nau'o'in haruffan kwamfuta da masu zane ke amfani da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai mai zane ya rubuta "kofa" a maimakon "ƙofa", yaro kuma ya haddace kuskuren. Ƙaramin aiki ne a ƙera haruffan zane masu cikakkiyar ƙa'idar rubutun Hausa a sake su kyauta, kuma haɗin gwiwar sashen Hausa da na zane a jami'a ɗaya ya isa ya yi shi.

Shigar burtun da yaran suka yi a Abu Dabi ma ba sabuwar aba ba ce ga Bahaushe. Daga goma ga watan azumi yara sukan liƙa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su fita tashe a matsayin tsoho ko malami ko boka ko ɗan kama. M. B. Umar ya tattara da yawa daga waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Tashe. Bambancin da ke akwai shi ne tauraron tashe nau'in mutum ne, kowa da yadda yake fito da shi, alhali Naruto yana da tsayayyar kama wadda kamfani ya mallaka, ana gane shi daga nesa a kowace ƙasa. Babu yaron da zai iya yin shigar Gizo a gane shi haka, domin ba a taɓa tsayar wa Gizo da fuska ba. Wannan wuri yana buƙatar taka-tsantsan. Gizon tatsuniya yana da kamanni dubu, gwargwadon yawan yaran da suka saurari kakanninsu, kuma duk wanda ya fara zana shi ya karɓu zai kashe sauran. Hasara ce ta gaske. Amma daren tatsuniya ya riga ya ja baya a birane, tashe kansa a wasu shekarun nan 'yan sanda sun dakatar da shi a Kano saboda 'yan daba. Gizon da ba a zana ba ya fi kusa da a manta da shi fiye da ya ci gaba da zama da kamanninsa dubu.

Ba za a tsallake batun addini ba. Malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da ya shafi yara da koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Naif Al-Mutawa na Kuwait, wanda ya fito da jerin littattafan The 99 a 2006, ya sha suka daga malaman Saudiyya saboda ya danganta taurarinsa da kyawawan sunayen Allah. Mai zanen Hausa zai yi aiki ne a cikin wannan yanayi, kuma ya fi masa sauƙi ya san iyakokin tun kafin ya zuba jarinsa.

Kakuri kuwa ba a banza ta zama wurin wannan misali ba. A nan Kaduna Textiles Limited ta fara aiki a 1957, sai United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ta ƙarshen da jarin kamfanonin Japan. Ke nan Japan ta shigo unguwar da injin saƙa shekaru da dama kafin ta dawo da manga. Masaƙar da ke buga atamfa ba ta rabuwa da masu zana fure da masu rarraba launi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun daɗe suna yaye irin waɗannan ma'aikata. Da masaƙun suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, hannayen suka watse. Wasu sun koma rubuta allunan shaguna, wasu sun bar sana'ar ɗungurungum. Ba abin mamaki ba ne a ce kakan yaran nan uku yana cikinsu. Bugu da ƙari, tun bayan rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna birnin, amma Hausa ba ta san wannan iyaka ba. Da ita Bagwari da Bajju da Atyap da Bahaushe ke ciniki a Kasuwar Monday. Littafin zane mai arha da aka rubuta da Hausar Kaduna zai samu masu karatu a Kakuri da Television kamar yadda zai samu a Tudun Wada da Kawo.

Wuraren da za a fara gwaji suna nan. Kaduna tana da KABAFEST tun 2017, tana kuma da bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF wanda aka fara a 2021. Tebur biyu ko uku na masu zane a irin waɗannan taruka ya isa a gane ko akwai kasuwa. Abin da ya rage wa jami'a shi ne ta amince da kundin digiri a kan zanen bangon littattafan Kano, ta bar ɗalibin Hausa da ɗalibin zane su gabatar da aikin ƙarshe na haɗin gwiwa, ta kuma shiga tsakani wajen neman izinin masu haƙƙin mallakar Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗanmaiƙarfi domin a gwada zana babi ɗaya. Karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe kaɗai zai cika shafi talatin, kuma a nan ne za a fara sanin ko rahar Abubakar Imam tana iya zama a cikin da'irar magana ba tare da ta rasa gishirinta ba.