Kumfa da Numfashi: Abin da Ake Mantawa da Shi a Batun Sabulun Bakteriya

A farkon shekarar 2024 kamfanin Evonik na Jamus ya fara sarrafa wani irin sabulu a sabuwar masana'antarsa da ke ƙasar Sulobakiya. Ba daga man fetur ake haɗa shi ba, ba kuma daga man kwakwa ba. Ƙwayoyin bakteriya ake kiwatawa a cikin manyan tankuna, a ba su sukari, su kuma su fitar da shi. Sunan sinadarin ramnolifid, kuma tun a 1949 wasu masana biyu, Jarvis da Johnson, suka bayyana shi a jikin ƙwayar Pseudomonas aeruginosa. Tsakanin gano shi da gina masa wannan masana'anta shekara 75 ke nan. Me ya jawo wannan jinkiri? Amsar da aka saba bayarwa ita ce tsadar abincin ƙwayoyin da arahar sabulun fetur. Gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Babban kaso na jinkirin ya rataya ne a kan abin da ake ɗauka kyauta ne, wato iskar oksijin. Duk shirin samar da wannan sabulu da bai fara da lissafin numfashin ƙwayoyin ba, ginin toka ne.

Mene ne sabulun bakteriya?

Kowane sabulu yana da fuska biyu: kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Da wannan ɗabi'a yake shiga tsakanin ruwa da mai, ya sassauta ɗaurin saman ruwa, har abubuwan biyu da ba sa ga maciji su gauraya. Wasu bakteriya suna ƙera irin wannan sinadari da kansu, domin su kai ga man da suke ci, ko su yaɗu a kan danshi, ko su kori abokan gaba. Ban da ramnolifid, wanda ya fi shahara shi ne safaktin, wanda Kei Arima da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1968 daga ƙwayar Bacillus subtilis. Ƙarfinsa ya kai ya saukar da ɗaurin saman ruwa daga ma'auni 72 zuwa kusan 27. Ita wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce kan gaba wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Abin da ya ja hankalin duniya gare su shi ne suna ruɓewa da sauri a ƙasa da ruwa, kuma galibi dafinsu bai kai na takwarorinsu na fetur ba. Bayan malalar man da ta faru a Tekun Meziko a 2010, inda aka zuba kimanin lita miliyan 7 na sinadarin Corexit don tarwatsa man, muhawara kan illar irin waɗannan sinadarai ta ƙara wa neman madadinsu ƙaimi.

Inda gizo ke saƙar

Oksijin ba ya son narkewa a ruwa. Lita guda ta ruwa a zafin digiri 25 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 8 ba, alhali lita guda ta iska tana ɗauke da abin da ya fi wannan sau 30. Idan ruwan ya ƙara ɗumi, ko aka zuba masa gishiri da sukari, abin da zai riƙe ya ƙara raguwa. Tankin da ya cika da ƙwayoyi masu yunwa yana iya shanye wannan ɗan guzuri cikin daƙiƙu kaɗan. Sukari ana iya zuba na yini guda a lokaci ɗaya; oksijin kuwa sai an riƙa kawo shi kowane lokaci, ta hanyar hura iska daga ƙasan tanki da kaɗa ruwan da farfela.

To, mai hura iska a cikin ruwan sabulu ya san abin da zai biyo baya. Kumfa ce, kuma mai taurin kai. Tana tashi ta cika sararin tanki, ta toshe matatar iska, ta yi ambaliya waje. Ba ita kaɗai take fita ba: sabulun da ake nema yana taruwa a jikinta, ƙwayoyin da ke ƙera shi ma suna maƙalewa su bi ta. Gwargwadon yadda ƙwayoyin suka yi ƙoƙari, gwargwadon haka kumfar ke ƙaruwa. Idan aka rage iska don a kwantar da ita, ƙwayoyin su shaƙe. Idan aka ƙara, dukiya ta zube. Gaba kura, baya sayaki. Maganin kashe kumfa da ake zubawa ma bai raba gardama ba, don yana haɗe ƙananan ƙwayoyin iska su zama manya, oksijin da ke shiga ruwa ya ragu, daga baya kuma sai an sha wahalar tace shi daga cikin kayan.

Wannan shi ne dalilin da ya sa sakamakon kwalbar gwaji ke yawan yaudara. Ƙaramar kwalba da ake girgizawa tana da faɗin fuska idan aka kwatanta da ɗan ruwan cikinta, iska na shiga ba tare da an hura ba. Ko a nan ma, kwalbar da aka cika rabi da wadda aka zuba wa kashi ɗaya cikin goma ba numfashi ɗaya suke samu ba. A babban tanki kuwa, ƙwaya guda tana zagayawa tsakanin kusa da farfela, inda iska ta wadata, da lungunan da babu komai. Saboda haka rahoton da ya ce ƙwaya kaza ta ba da giram kaza a lita, amma bai faɗi yawan oksijin da ke cikin ruwan ba, ya ɓoye rabin labarin.

Ƙarin iska ba kullum ne alheri ba

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa maganin shi ne a yi ta ɗura iska. An daɗe ana koyar da cewa Bacillus subtilis ba ta rayuwa sai da oksijin, har sai da binciken Michiko Nakano da Peter Zuber a shekarun 1990 ya tabbatar da cewa tana iya numfashi da naitiret idan iska ta yanke. Pseudomonas aeruginosa ma haka take. A 1999 Davis da Lynch da Varley a Ingila suka nuna cewa yawan safaktin da ake samu ya danganta ƙwarai da yadda ƙarancin oksijin ke karkatar da ƙwayar zuwa amfani da naitiret. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa safaktin da kansa yana taimaka wa ƙwayoyin su tsira a lokacin da oksijin ya ƙare. Ashe sabulun ba kayan da ƙwaya ke zubarwa ba ne idan ta ƙoshi. Wani ɓangare ne na dabararta ta rayuwa cikin ƙunci.

Daga nan aka samu tunanin a kiwata ƙwayoyin ba iska sam, a ba su naitiret, a huta da kumfa. An gwada, ya kuma yiwu, amma da tsadarsa: girma yana tafiyar hawainiya, naitirayit mai dafi yana iya taruwa, tsamin ruwan yana sauyawa. Wasu sun koma shigar da oksijin ta siraran bututu masu tacewa ba tare da ƙwayar iska ba. Wasu sun rungumi kumfar, suna barinta ta fita su tattara sabulun daga jikinta. Wasu kuma sun bar ruwa gaba ɗaya, suna kiwo a kan dusa ko tuƙar waken soya mai danshi, tsarin da ya yi kama da na mai daddawa, ko da yake a can zafi ne ke taruwa a tsakiyar tulin, iska kuma ba ta ratsa shi daidai. Kowace hanya amsa ce ga tambaya guda: ta ina ƙwayar za ta yi numfashi?

Inda ake buƙatar sabulun, babu iska

Lamarin ya fi nauyi idan aka bar masana'anta aka shiga fili. Ana tallata sabulun bakteriya don ayyuka biyu manya: fito da ragowar ɗanyen mai daga tsofaffin rijiyoyi, da wanke ƙasar da mai ya gurɓata. Dukan wuraren biyu matalautan oksijin ne. Can ƙarƙashin ƙasa, a maɓoyar mai, babu iska, ga zafi ga gishiri. Shi ya sa ƙwayar da aka laƙaba wa JF-2, wadda aka samo daga wani filin mai a Oklahoma ta Amurka, ta yi suna bayan an nuna a 1985 cewa tana ƙera sabulu ba tare da iska ba.

Haka taɓon dazuzzukan bakin teku yake a Neja Delta: 'yan milimita kaɗan ƙasa da fuska, oksijin ya ƙare. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma soki dogaro da gyaran saman ƙasa alhali man ya nutsa can ciki. Ƙwayar da ta yi abin a zo a gani a kwalba mai girgiza za ta iya yin shiru idan aka zuba ta a wannan taɓo. Kuɗi sun tafi, an rubuta cewa an yi magani, masunci da manomi kuwa suna nan da gurɓataccen ruwansu.

Hujjar masu ja

Mai ja zai ce an zuzuta. A ganinsa irin ƙwayar da farashin abincinta su ne ke yanke hukunci, na'urar auna oksijin kuma tana da tsada ga ɗakin binciken da ko lantarki bai ishe shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Zaɓen ƙwaya babban al'amari ne, musamman da yake Pseudomonas aeruginosa tana cutar da masu ƙuna da masu raunin garkuwar jiki, abin da ya sa aka dasa ƙwayoyin gadon ramnolifid a cikin 'yar'uwarta marar cutarwa, Pseudomonas putida. Amma wannan misali ma yana goyon bayan batun ne, domin ita putida ba ta rayuwa sai da oksijin: an tsere wa cuta, an ƙara dogaro da iska. Abinci mai araha kuma, kamar tsohon man suya, yana buƙatar oksijin mai yawa kafin ƙwaya ta ƙone shi, don haka abin da aka rage a kuɗin abinci yana iya dawowa a kuɗin lantarkin hura iska. Game da tsadar na'ura, rubuta girman kwalba da yawan ruwan cikinta da saurin girgiza ba ya cin ko kwabo, kuma da su wani zai iya kimanta numfashin da aka samu.

Abin da ya kamata a bayyane yake. Mujallu da masu duba kundin digiri su daina karɓar adadin sabulu da bai zo da bayanin iska ba. Masu ba da kuɗin bincike su fifita ƙaramin tanki guda mai ma'aunin oksijin a kan neman sabuwar ƙwaya ta ɗari da za ta ƙare a kwalba. Hukumomin da ke ba da kwangilar wanke ƙasa kuma su nemi a nuna musu aikin ƙwayar a cikin taɓon wurin, a zurfin da man ya kai, kafin su sa hannu. Wanda ya zo da kwalba mai kumfa yana neman jari, tambayar farko da ta dace da shi ita ce nawa ne oksijin da ke cikin ruwan, da kuma wanda zai biya kuɗinsa idan kwalbar ta zama tanki.