TATTAKIN DA YA MAKARA: ME YA HANA MU TAKA WA ABOKI YANA RAYE?



Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasar Ingila, wadda muka ga wasu 'yan'uwanmu sun mai da ita abin dariya. Idan saurayi ko magidanci ya kashe kansa sanadiyyar ciwon damuwa, sai abokansa su ɗaura takalma su yi tattaki daga wani gari zuwa wani domin tunawa da shi, jama'a na ba su gudummawa, su kuma su miƙa kuɗin ga ƙungiyoyin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwar maza. Daga cikin ƙungiyoyin da ake miƙa wa akwai Andy's Man Club, wadda Luke Ambler ya kafa tare da surukarsa a garin Halifax a shekarar 2016, bayan ɗan'uwan matarsa ya mutu ta wannan hanya yana da shekara 23. Aikinta shi ne tara maza duk ranar Litinin da ƙarfe bakwai na yamma, kyauta, a sha shayi, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Maza tara ne suka halarci zaman farko, amma zuwa 2025 ana yin zaman a wurare fiye da 200.

Ba banza suka tashi tsaye ba. A shekarar 2023 kaɗai an rubuta mutuwar mutum 6,069 ta hanyar kashe kai a Ingila da Wales, kuma kusan kashi uku cikin huɗu maza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya adadin ya haura 700,000 a kowace shekara.

To, masu dariyar cewa suke yi: wannan ciwon Nasara ne, rashin imani ke kawo shi, Musulmi ba ya ciwon damuwa. Da su muke a wannan wata.

Da farko, babu ja a kan cewa kashe kai haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai. Haka nan tattaki ba ibada ba ce, ba kuma ya ƙara wa mamaci komai a kabarinsa. Amma daga ina aka samo cewa baƙin ciki mai kayar da namiji alamar raunin imani ne? Wane malami ne ya faɗa, kuma a wane littafi?

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS) a cikin Suratu Yusuf, yadda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Shin akwai mai ƙarfin halin da zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Ranar da ɗan Manzon Allah (SAW), Ibrahim, yake gargarar mutuwa, hawaye sun zubo masa a gaban sahabbai, har Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. To, mai cewa namiji ba ya kuka, shin ya fi Manzon Allah (SAW) mazantaka ne? Wannan magana al'ada ce tsagwaronta aka sa mata rawani.

Magabatanmu ma ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke auka wa mutum haka kawai ba tare da dalilin da ake gani ba, ya kuma ce na biyun daga jiki yake, yana bukatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Ashe abin da muke kira na Nasara, namu ne muka yar.

Yanzu mu dubi kanmu. Kowannenmu ya san wani da kasuwarsa ta karye, ko aka sallame shi daga aiki, ko bashi ya yi masa katutu, sai ya daina zuwa majalisa, ya fara rasa jam'i, ya rame, barci ya ƙaurace masa. Me muke ce masa? Mu ce ya yi haƙuri ai shi namiji ne, mu wuce. Idan abin ya tsananta sai a ce aljanu ne ko sammu, a kwashe shi zuwa wurin boka ko ɗan tsibbu, a haɗa masa ciwo da shirka. Idan ya ƙara tsananta, sai mari. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a ɗaure da sarƙa, kuma mafi yawa danginsu ne suka kai su. Ranar da ya mutu kuwa, sai ga rumfuna, sai ga tukwanen sadakar uku da bakwai da arba'in, kuɗin da da an kashe rabinsu a kansa yana raye da sun biya masa bashi, sun kai shi asibiti.

Saboda haka da wane baki za mu yi wa masu tattaki dariya? Su dai sun juya nadamarsu ta zama taimako ga rayayyu. Aibin tattakinsu guda ne, su ma sun san shi: ya makara. Sun taka mil ɗari bayan abokin ya tafi, alhali wataƙila taku ɗari zuwa ƙofar gidansa yake bukata tun yana raye. Mu kuwa addininmu ya riga ya ɗora mana wannan takun, domin gai da marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma ba a ce sai ciwon da ido ke gani ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa. Wanda ka daina gani a sahu, je ka same shi a gida. Ka zauna ka saurare shi, kada ka buɗe masa wa'azi tun bai gama magana ba. Idan ka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Binciken likitoci ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin marar lafiya. A yi addu'a da ruƙiyyar da shari'a ta yarda da ita, a kuma sha maganin likita, kamar yadda muke yi da hawan jini ba tare da wani ya zarge mu da rashin tawakkali ba.

Limamai su ɗauki batun zuwa mumbari. Kwamitocin masallatai su tuna cewa wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aka yanka wa zakka, su neme shi a asirce tun kafin kunya ta rufe masa baki. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu isa ƙofar ɗan'uwa kafin makara ta riga mu.