GANI YA KORI JI

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin shan magani ya ga malamin asibiti da ƙaton littafinsa, yana rubuta yaran da aka yi wa rigakafi da waɗanda zazzaɓi ya kwantar. A Ibeto ta ƙasar Kontagora, kamar sauran garuruwanmu, akan tattara lissafin nan ƙarshen wata, a zuba shi cikin manhajar DHIS2.

Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorancin ƙera wannan manhaja, kuma an fara aiki da ita a Indiya cikin 2006. Kyauta ce, ba a ɓoye asirin ƙirarta ba. Takan mai da tarin alƙaluma zane da taswira. Ka taɓa Ƙaramar Hukumar Magama, nan take ka ga watan da ciwo ya tsananta.

To, amma zane madubi ne. In malami ya cika takarda da ƙarya don gudun faɗan na gaba, ƙaryar za a zana, maganin damina ya wuce wani gari. Sannan kada zanen ya tsaya Minna da Abuja. A buga shi, a kai wa hakimai da dagatai su ga halin talakawansu. Allah ya sa a gyara.